Ƙwarya Mai Dogon Zare

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya kafa mata duwatsu don kada ta yi tangaɗi, ya zuba teku, ya yi mata iyaka don kada ta ci gonar tudu. Bayan haka, ya ku masu saurare, na kusa da na bakin ƙofa, da wanda ya zo don labari da wanda ya zo don ya ji za a raba goro: ni ne Habibu ɗan Cindo, mutumin Dabagi ta bakin Kogin Farin Yashi, wanda ake kira Malam Sai-na-gani, ba kuwa don yabo ba. Na yi karatu gwargwadon abin da ya hana ni yarda da yawancin zancen matafiya. Ga shi yau ni ne matafiyin. Wanda bai gaskata ni ba, ba zan ga laifinsa ba. Da ni ne a mazauninsa, da tuni na fara gyaran murya.

Wata shekara kogi ya yi ambaliya da ruwan gishiri, ya janye ya bar fadamunmu fari fat kamar an shanya gari. Muka shuka, ba abin da ya tsiro. Abin da ya rage a rumbuna ba zai wuce damina ɗaya ba, bayanta kuwa sai watsewa, kowa ya nemi inda zai raɓa. Dattawa suka tuna fatake suna cewa can bayan teku akwai shinkafa mai tsirowa cikin gishiri. Na miƙe cikin taro na bayyana, da hujjoji masu kyau, cewa wannan zancen bakin murhu ne. Aka saurare ni da ladabi, sannan aka ce tunda ni ba a ruɗa ni, ni ya kamata in je in gano. Tun ranar na rage magana a taro.

Jirgin da ya ɗauke ni na taubashina ne, Anaruwa, ɗan kawuna, wanda tun muna yara ba ya kirana sai da bawansa. Aibinsa ɗaya ne, shi ma aibin kirki: ladabi. Mutum ne da in ya wuce tunkiya bai gaishe ta ba, sai ya wuni yana jin nauyi. Abin da ya fi ƙauna cikin jirgin shi ne anka, wato ƙarfen nan mai ƙugiyoyi da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi. Kawu ne ya ƙera shi da hannunsa kafin ya rasu. Anaruwa yakan shafa masa mai, ya kira shi Tsoho, ya kuma nemi shawararsa. Ban taɓa jin sun saɓa ba.

Muka bar kogi muka shiga teku, muka yi ta gabas har ƙasa ta ɓace, har tsuntsayen da muka sani suka sallame mu.

Wuri na farko da zan ambata shi ne Mashigin Amsa, wata ƙaramar hanya tsakanin duwatsu biyu, inda in ka yi magana sai gobe dutse zai mayar maka. Ruwan mashigin yakan janye da rana tsaka, kuma mun ga haƙarƙarin jirage a kan duwatsu, na waɗanda suka daɗe. Da shigarmu sai Anaruwa ya cire hula ya yi sallama. Shiru. Ya sake. Shiru. Ya ce a tsayar da jirgi, don shi ba a haife shi ya wuce ƙofar mutane ba a amsa masa ba. Ruwa kuwa ya soma ja. Na zagaya bayan mayafin jirgi, ƙyallen nan mai kama iska, na tura kaina cikin wofin tulu na amsa masa da babbar murya, na kuma yi mana fatan sauka lafiya.

Anaruwa ya mayar da hula, ya ce a tuƙa. Da muka fita ya dube ni ya ce, "Muryar dutsen nan ta yi kama da ta bawana."

Na ce, "Wataƙila tare muka yi makaranta."

A bayanmu sai muka ji dutsen yana rangaɗa sallamar wani bawan Allah da ya wuce jiya.

Daga nan muka isa Tsibiran Masu Yawo, inda ake gina gidaje a bayan manyan kififiyu, wato kunkurun ruwa. Ban yarda ba, sai da na kwanta a wata unguwa na farka a wata. A can na ga shinkafar da idona, tsaye kore shar cikin ruwan da ko akuya ba za ta lasa ba. Masu tsaron irin ba sa sayarwa. Sukan dafa wa mai nema, su tambaye shi yadda ya ji. Na gabana ya ce ta fi zuma, na gabansa ya ce ta fi nonon uwarsa, duk aka sallame su hannu wofi. Da aka zo kaina na tauna, na haɗiye da ƙyar, na ce, "Tana ciyuwa. Mai yunwa ba zai yi ƙara ba."

Babbansu ya ce, "Wannan shi ya ci don ya shuka. Ku cika masa buhuna." Sannan ya kama hannun rigata ya ce, "Ka ji da kyau, baƙo. Irin nan ba ya tsallake damina. In ruwan farko ya sauka a ƙasarku yana cikin buhu, ku dafa ku ci, don ya riga ya mutu."

Muka juyo da buhunan. Amma iska daga yamma take busowa, inda za mu, kuma haka take yi watanni. Duk jirgin da zai ƙetare tekun sai ya shiga Akushin Iska ya jira. Wani kewayayyen ruwa ne mai zurfi, tuddai sun zagaye shi. An ce a can iska takan juya gaba ɗaya cikin yammaci guda. Ni na san iska, a garinmu takan yi makonni tana shawara kafin ta juya, saboda haka na ajiye zancen inda nake ajiye irinsa.

A bakin Akushin wani mai shela ya tare mu bisa kwalekwale, ya buga ganga ya ce, "Ku ji al'adar ruwan nan! Wanda ya riga jefa anka, shi ne mai wuri. Wanda ya zo daga baya, in igiyarsa ta harɗe ta mai wuri, shi da jirginsa za su bi mai wuri shekara guda, duk inda ya nufa. Ba roƙo, ba fansa!"

Na dubi buhunan. Shekara guda, a gare mu, ita ce Dabagi gaba ɗaya.

Anaruwa ya ce, "Kwantar da hankalinka, bawana. Jirgi tsaye, igiya tsaye, da me za a harɗe?"

Muka shiga. Jirage ne ba iyaka, duk sun juya hanci yamma kamar sahun salla, sai dai sahun da zai sa liman kuka, don tsakanin jirgi da jirgi ana iya noman gero. Anaruwa ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki. Mutanen nan gaba suke yi da juna." Ya hango wani ƙaton jirgi shaƙe da tukwane da duwatsun niƙa, wata tsohuwa zaune a bayansa tana shan lofe, ita kaɗai a fili. Ya ce, "Dubi yadda suka watsar da dattijuwa kamar mai kuturta. Mu ba haka aka rene mu ba." Ya kai mu gefenta ta arewa, kamar nisan jifa, ya saki Tsoho da 'yar gajerar igiya, ya ɗaga murya: "Salamu alaikum, Gwaggo! Mun same ku lafiya?"

Tsohuwar ta cire lofe ta amsa. Ta ce sunanta Marka, kuma kudu ta nufa, ƙasar da ba a san Dabagi ba. Ta dubi inda ankarmu ta faɗa, ta dube mu, ta mayar da lofe.

Ba a jima ba wata mata daga matuƙanta ta tuƙo ɗan kwalekwale, ta miƙo mana ƙwarya da murfi, ta koma. An naɗe ƙwaryar da zare, naɗi bisa naɗi, har sai da hannuna ya gaji da warwara. A ciki tuwo ne da miyar kifi mai ɗan yaji.

Anaruwa ya ce, "Suna ɗaure abinci kamar zai gudu, amma ka ga mutunci? Ba a mayar da ƙwarya wofi." Ya cika ta da kilishin da ya rage mana, ya sa aka ja Tsoho, muka matsa inda za a yi gaisuwa ba da ihu ba.

Kashegari ga ƙwaryar kuma, da naɗin zarenta. Wannan karon miyar ja wur take. Matuƙanmu suka ci suna hawaye. Anaruwa ya share gumi ya ce wanda ya ƙara maka yaji ya ɗauke ka ɗan gida. Ya sake matsawa, har ana iya miƙa goro da gwangwala. Gwaggo Marka ta karɓi goron ta yi godiya, ta daɗe tana kallon sama kamar mai neman haƙuri a can.

Muka yi kwanaki a haka. Ran nan da hantsi ƙwaryar ta dawo, ba tuwo, ba miya, sai dakakken barkono zalla. Anaruwa ya ɗanɗana don kada a ce ya raina, ya ruga wajen tulun ruwa.

Ni ba na zubar da abu, saboda haka zarurrukan duk suna wurina. Ina naɗe su sai na ga tsawonsu ɗaya, ba wanda ya fi wani ko da taƙi. Mai ɗaure ƙwarya don kada ta zube ba ya awo. Na ɗaga kai na bi igiyar Gwaggo da ido. Ba ƙasa ta nutsa ba kamar tamu, a kwance ta shiga ruwa, kuma can gaba da nisa ga wata gora tana yawo a kan inda ankarta take. Na duba sauran jiragen, kowanne da gorarsa can gabansa. Daga jirgin Gwaggo zuwa gorarta, in ido bai yi mini ƙarya ba, tsawon zaren ke nan.

Sai na tuna akuyar mahaifiyata. A turke take wuni, tana kallon gefe ɗaya kamar ba ta san duniya ba, amma kewaye da turken, iyakar inda igiya ta kai, ƙasa a share take tas. Abin da ke cikin da'irar nan duk nata ne, ko ta ci shi da safe, ko ta ci shi da yamma. Filin nan da muka ɗauka gaba ce, gonar kowane jirgi ce, mu kuwa mun kafa bukka a tsakiyar ta Gwaggo.

Na leƙa na ce, "Gwaggo, in tambaye ki. So kike mu matsa?"

Ta ce, "Subhanallahi, ɗana! Bakin da ya kori baƙo a ruwa, ruwa zai kore shi. Ni ban ce ba, ba kuwa zan ce ba."

Na ɗaga zaren na ce, "To in mutum yana da akuya mai igiya kamar wannan, ina ya kamata maƙwabci ya shuka ramarsa?"

Ta cire lofe, fuskarta ta saki. Ta ce, "Alhamdu lillahi, ashe akwai mai kai a jirgin nan. Ya auna wannan daga turken, ya ƙara da tsawon igiyar tasa akuyar, ya ƙara kaɗan don shaiɗan. In yana son ramarsa ke nan. Kuma da ni ce shi, ba zan jira la'asar ba."

Na koma na bayyana wa Anaruwa. Ya ce, "Wato duk barkonon nan korata ake yi?"

Na ce, "Da ladabi."

Ya ce, "Ni kuwa ina ta cinyewa."

Na ce, "Da ladabi kai ma."

Bai kai ga amsa ba iska ta ɗauke ɗif. Tutocin jirage suka sunkuya, ruwa ya kwanta kamar mai, aka soma buga ganguna a kan tuddai. Sai na ji wani sanyi a kuncina daga kudu. A nan na janye ra'ayina game da iskar Akushi, ba tare da an roƙe ni ba.

Anaruwa ya yi tsawa a ja Tsoho. Matuƙa suka kama igiya, ni ma na kama, ko da yake ba a lura da bambanci ba. Tsoho ya nutse cikin laka, ya saki jiki, ya ƙi motsi. Jiragen Akushi duk suka fara juyawa a hankali, kowanne cikin filinsa, abin sha'awa ga wanda ba ya cikin filin wani. Jirgin Gwaggo, da tukwanensa da duwatsunsa, ya karkato arewa, wajenmu. Igiyarsa mai kaurin cinya ta taso daga ruwa tana ɗiga, tana sharo fili kamar lauje.

Muka ja har tafin hannu ya fashe. Tsoho ya ɗan motsa, ya sake kamawa.

Na ce, "Ɗan kawu, ba zai fito kafin igiyarta ta iso ba."

Ya ce, "Ƙarfen ubana ne, Habibu."

Tunda muke bai taɓa kirana da sunana ba. Na ce, "Na sani. Kawuna ne. Ga buhuna can."

Ya dubi buhunan, ya dubi igiyar da ke tahowa. Sai ya ture matuƙan, ya durƙusa ya kwance ƙullin igiyar Tsoho da hannunsa. Ya fizgi ƙwaryar barkonon, ya rufe ta, ya ɗaure ta a bakin igiyar da zaren Gwaggo don kada a rasa inda ƙarfen yake, ya jefa a ruwa, ya ce, "Tsoho, ka gafarce ni." Sannan ya juyo da wata murya da ban san yana da ita ba: "Filafilai! Ku tuƙa kamar ana bin ku!"

Ana kuwa bin mu. Muka tuƙa arewa, igiyar tana bayanmu tana huci. Ta shafi wutsiyar jirgin, ta tafi da wandon wani matuƙi da aka shanya, ta wuce. Da muka waiwaya sai ga ta ta naɗe igiyar Tsoho, ƙwaryar tana rawa a tsakaninsu.

Mai shela ya iso da gangarsa, kwalekwale suka taru daga ko'ina, don ba ƙasar da ba a son kallon shari'ar wani. Aka ce mai wuri ke da magana. Gwaggo Marka ta miƙe, ta kakkaɓe lofenta, ta ce, "Igiya ta harɗe, kowa ya gani, kuma al'ada ba a yi mata wayo. Abin da ke kan igiyar zai bi ni shekara." Ta ce, "A ƙasa akwai ƙarfe, a sama akwai ƙwaryata. Su zan ɗauka. Da sun tsaya jayayya da laka, da su na ɗauka, ni kuwa ba ni da barkonon da zai ciyar da wancan shekara guda."

Akushi ya ɗauki dariya. Gwaggo ta dubi Anaruwa ta ce, "Kai mai gaisuwa, me ya sa kullum na aiko sai ka matso?"

Anaruwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo, a garinmu baƙon da ya sauka nesa da mutane, ko ɓarawo ne ko mai girman kai. Na gan ki ke kaɗai."

Ta ce, "Shekara nawa ina shiga Akushin nan, ba wanda ya taɓa jin tausayina har ya nemi fasa mini jirgi. Ƙarfen na wane ne?"

Ya ce, "Na ubana."

Ta ce, "To zai ga kudu. Ina garin naku?"

Muka kwatanta mata. Ta sa aka sauko mana da wani dutsen niƙa mai huda, ta ce mu ɗaura masa igiya ya riƙe mu a hanya, kuma mu saki igiyar da yawa, don rowar igiya ita ke sa jirgi yawo da dare. Kafin rana ta faɗi iska ta daidaita daga gabas, muka buɗe mayafi.

Mun iso Dabagi hadari yana haɗuwa a gabas. Muka fidda buhuna, gari ya fito har da makafi, aka watsa irin cikin farar fadama, ruwan farko ya sauka a kansa yana ƙasa. Ya tsiro. Ba wanda ya watse. Shinkafar tana nan har yau, kuma ra'ayina game da ɗanɗanonta bai canza ba.

Da shekara ta zagayo, wata safiya aka ga ƙaton jirgi ya shigo kogi, ya tsaya can tsakiyar ruwa, nesa da mashaya, nesa da kowane kwalekwale. Mutanen Dabagi suka taru a gaɓa suna gunaguni. Wata ta ce, "Wannan wane irin baƙo ne, ko mun yi wari?" Wani ya ce a kwana da ido buɗe.

Anaruwa kuwa ya bar gaɓa. Ya shiga gida ya sa aka tuƙa tuwon sabuwar shinkafa, ya zuba a ƙwarya, ya ɗaure murfin da zaren da bai wuce taƙi ɗaya ba, ya ce, "Bawana, kai mata."

Na kai. Gwaggo Marka ta kwance zaren, ta auna shi a tafin hannunta, ta yi dariya har lofe ya faɗi. Ta sa aka ɗora Tsoho a kwalekwalena, an shafe shi da mai yana ƙyalli, ita ma ta shigo. A gaɓa ta ratsa taron, ta zauna a tabarmar Anaruwa, gwiwarta tana taɓa tasa.

Anaruwa yana shafa ƙarfen ya ce, "Gwaggo, a matso da jirgin mana, ga wuri nan a mashaya."

Ta ce, "Ni na matso. Shi bar shi can, bai san wasa ba. Miƙo tuwon." Ta kai loma, ta tauna, ta daɗe tana taunawa. Ta ce, "Ba ku da barkono a garin nan?"

A nan na jefa ankar hikayata, na sakar mata igiya gwargwado. Wanda ke da tasa, ga ruwa nan da faɗi, ya auna kafin ya jefa.